Kujerun da Goggo Ta Ƙara a Taron Banki

Ƙanwar mahaifina hayar kujeru da rumfuna take bayarwa tun ban san dama da hagu ba. A layinmu ba mai kiran ta da sunanta. Mu 'ya'yan gida Goggo muke cewa, sauran jama'a kuma Mai Kujeru. Ko a katin asibiti haka wata ma'aikaciya ta taɓa rubuta mata, ba ta ce a gyara ba.

Mijinta kafinta ne, bencuna yake yi wa makarantu. Waɗanda aka ƙi karɓa saboda wata ƙafa ta fi wata tsawo sai su taru a tsakar gida. Wata rana maƙwabta suka are su don biki, suka dawo da su da 'yar godiya a hannu. Daga nan sana'a ta tashi. Da mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, dangi suka ce ta sayar da kayan aikinsa ta dawo gidan mahaifina. Ta sayar da kayan aikin, amma ba ta dawo ba. Kujerun roba farare ta sayo, ta fasa ƙofa a ɗakin da ke kallon titi ya zama shago. A wannan gida ta aurar da 'ya'yan nata duka, kowace a kan kujerun uwarta baƙi suka zauna.

Abu ɗaya ta gada daga marigayin, wato igiya. Shi yana ɗaure bencuna in zai ɗora su a mota, ita kuwa ta mayar da abin ƙa'idar aiki. Duk layin kujerun da ta jera sai ta bi ƙafafun baya da igiya ta ɗaure su gaba ɗaya, ƙulli bayan ƙulli. Tana cewa layi ya fi miƙewa, hoto ya fi kyau. Dalili na biyu sai an matsa mata take faɗa: "Mutum ya zo makoki yana share hawaye, ya tafi da kujerarki a ka." Kwance ƙullin nan aiki ne mai cin lokaci, kuma daga ita sai Direba, tsohon abokin mijinta da ke tuƙa mata motar kaya, suka iya shi.

A shekarun da nake magana a kansu, ba a taro a ƙasarmu sai da izini, izinin kuwa in ba na biki ko makoki ba gwamnati kaɗai ke samu. Saboda haka gwamnati ce babbar mai ba Goggo aiki. Ta jera kujeru a buɗe gada, a rufe gada, a murnar cika shekara ta abubuwan da ba a gama ba. A nan ta koyi wani abu game da manya. Akwai wani jami'in shirya taro da aka taɓa nuna shi a talabijin yana tsaye, a bayansa layuka na kujeru ba kowa, ga minista yana jawabi. Kafin mako ya zagayo an mayar da shi wani ofis a bakin iyaka inda ko waya ba ta shiga. Tun daga ranar, in ji Goggo, masu shirya taro ba sa iya barci in sun tuna farar kujera.

Na yi shekaru ina karatun tattalin arziki a wata ƙasa mai nisa. Da na dawo, a ɗakin da ke bayan shagonta na sauka kafin in sami aiki. Abin da na fara gani a layin shi ne jan fenti. Kowane gida an yi masa alama a bango, har da na Goggo, a daidai saman ƙofar shagon. Za a yi sabuwar hanya zuwa tashar kaya, da kuɗin wani babban bankin raya ƙasashe. Duk mai ido ya san in hanyar ta miƙe, ta cikin filin da ma'aikatar ayyuka ke jibge matattun motocinta za ta bi. Amma wani babba ya sa ido a filin, sai aka lanƙwaso hanyar ta faɗo kanmu. Ba wanda ya tambaye mu. An dai ce za a ba mu wuri a bayan gari, inda ba ruwa ba makaranta, kuma ba mai biki balle ya nemi kujera.

Wata safiya muna zaune a shagon, ni da Goggo da Direba da Tela, wanda shagonsa ke jikin namu. Labari ya zo cewa mutanen bankin za su zo su ji ta bakin jama'a. Tela ya juyo ya dube ni.

"Kai da ka yi karatun kuɗi, wai da gaske suna sauraron talaka?"

Na bayyana musu iya abin da na sani. Bankin ba na mutum ɗaya ba ne, ƙasashe ne suka haɗa shi, kowace tana da wakili a teburin da ake yanke shawara. A ƙa'idarsa ba a sakin kuɗin aiki sai an ji ta bakin waɗanda aikin zai taɓa, har ofis gare shi na sauraron koke. To amma wakilin gwamnatinmu da na wasu gwamnatoci irin tamu, waɗanda ba sa son tambaya a gida, sun daɗe suna rage wa ofishin ƙarfi. Sun kai ga cewa ma'aikatansa ba sa shiga unguwa su kaɗai, sai inda gwamnati ta shirya musu taro. Abin da ya rage wa ofishin shi ne, duk abin da aka faɗa a wannan taro dole a rubuta shi, dole kuma ya isa teburin.

Goggo tana goge wata kujera da tsumma, ba ta ɗago ba.

"Wato wanda ya sami kujera shi ake ji."

"Kusan haka ne, Goggo."

"To ka faɗa min haka mana, Furofesa. Ka bi da ni ta ƙasashen duniya kamar mai neman ɓatacciyar akuya."

Direba ya yi dariya har da tari. Tela bai yi ba. Ya ce ai mun san waɗanda za a zaunar, su ne dai mutanen da ake kwasowa a bas, a ba su hula da ruwan leda su tafa.

Kwana kaɗan bayan haka jami'in shirya taro na ma'aikatar ya zo da kansa. Malam Tsari ake ce masa, don ba ya gama jimla bai ce a bi tsari ba. Shi ne ya gaji wancan da aka kai bakin iyaka. Ya tsaya a ƙofar shagon, jan fenti a saman kansa, ya yi kamar bai gani ba, sannan ya ga ba zai yiwu ba.

"Mai Kujeru, kin san ba ni na zana hanyar nan ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai taro kake zanawa."

Ya faɗi adadin kujerun da yake so, daidai mutanen bas, a filin wasa na ma'aikatar, mai katanga da ƙofa ɗaya. Ya ce talabijin za ta zo, Babban Darakta zai zo, baƙi daga waje za su zo.

"Don Allah kada ki rage min ko ɗaya."

"Ragi? Yaushe ka taɓa sanina da ragi?"

Da ya tafi ta daɗe tana kallon titi. Sannan ta yafa mayafi ta ce Direba ya tada mota. Ta zagaya duk masu hayar kujeru na garin, har da wata da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda rumfar da ta dawo a yage. Kowa ta ce masa babban aiki ta samu, kayanta ba za su isa ba. Washegari kuma ta bi layinmu gida gida, kamar mai gayyatar biki. Abin da take faɗa bai da yawa. Ranar taro kowa ya sa kayansa mafi kyau, ya je tashar bas da ke tsallaken filin. Kada a tsaya a dunƙule, kada a ɗauki kwali ko rubutu, kada a ɗaga murya. A tsaya kamar masu jiran mota.

"Sannan sai me?" in ji Tela.

"Sannan sai ka jira. Kai ba ka saba sa mutane jira ba? Rigata tana wajenka tun bara."

Ni ta gaya min abin da take nufi, da na tsare ta a tsakar gida. Na ce mata abin yana iya ƙin ci, in kuma ya ci ita za su fara nema.

"Da wane laifi? Na cika aiki?"

"Goggo, ba sa buƙatar laifi."

"Na sani, ɗana. Amma in na zauna ma gidan nan za su zo. Gara su same ni na yi wani abu."

Ranar taro, rana ba ta gama fitowa ba ta shiga filin da ma'aikatanta. 'Yan sandan ƙofa sun san ta, suka buɗe suna tsokanarta ta ba su kujera ɗaya ta zaman gadi. Ta kafa rumfuna daga bakin dandamali har jikin katangar baya, ta jera kujeru a ƙarƙashinsu, ta bi kowane layi da igiya. Da aka gama ta sallami Direba da mota da ma'aikatan gaba ɗaya, ta ce kada ta ga ƙeyar kowa sai la'asar. Ta sami wani akwatin lemo ta zauna a gefe.

Ni ina tashar bas tare da mutanen layinmu. Ban taɓa ganinsu haka ba. Tela ya sa rigar da ya ɗinka wa kansa bai taɓa samun inda zai sa ta ba. Ungozomar layin ta zo da jakar hannu mai sheƙi. Tsofaffi sun goge takalma. Motocin haya suna tsayawa, yaran mota suna kiran unguwanni, ba mai shiga, har wani ya leƙo ya tambaya ko jirgin sama muke jira.

Bas-bas na ma'aikatar suka iso suka sauke mutanensu. Ta cikin ƙofar muna hangen su, sun cika layukan gaba kaɗai. Daga bayansu har katanga farar kujera ce, layi bayan layi, tana ƙyalli. Masu talabijin sun riga sun kafa na'urarsu a kan dandamali, tana kallon filin.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Goggo na ji shi, da na ɗan sandan ƙofa, wanda ya daɗe yana ba da labarin a wajen mai shayi. Malam Tsari ya shigo yana duba agogo, ya ɗaga kai, ya tsaya cak.

"Mai Kujeru, mene ne wannan?"

"Kujeru, ranka ya daɗe. Ka ce kada in rage. Na ga baƙi daga waje za su zo, na ce kada a raina mu, na ƙara maka. Kyauta ne."

"A kwashe su yanzu."

"Yarana sun tafi wani aikin. Ni kuma ka ga bayana."

Ya kama kujerar da ke kusa da shi ya fizga. Layin gaba ɗaya ya biyo shi yana ƙara a ƙasa kamar garke. Ya saki. Ya ce a nemo wuƙa. Ɗan sandan ya ce ko an yanke, ina za a kai su, kuma rumfunan fa, a bar su tsaye ba komai a ƙasa? Ana cikin haka aka jiyo jiniyar ayarin Babban Darakta daga nesa. Malam Tsari ya dubi na'urar talabijin, ya dubi kujerun, ya dubi ƙofa. A tsallaken titi ga mutane fes-fes cikin kayan fita, natsattsu, irin waɗanda kowane mai shirya taro ke mafarkin samu.

"Buɗe ƙofa, ka ce su shigo."

"Oga, ba su da katin gayyata."

"Katin ne zai zauna a kujera? Buɗe."

Ɗan sandan ya tsallako da kansa yana roƙonmu mu taimaka mu cika wuri, ya ce ba za a daɗe ba, akwai ruwa. Ungozoma ta ce masa to, albarkacinka. Muka shiga a hankali muka zauna. Na wuce ta gaban Goggo, ba ta ko kalle ni ba.

Baƙin banki su uku ne. Wadda ta fi jan hankalina wata mata ce mai furfura daga ofishin koke, da tafinta a gefenta. Fuskarta ta mutumin da ya sha zama a irin wannan taro ce, wanda ya san abin da za a faɗa tun kafin a faɗa. Mutanen bas suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka yabi hanyar, aka tafa. Babban Darakta ya ga fili cike maƙil, abin ya yi masa daɗi, har ya ajiye takardar jawabinsa. Ya nuna mu da hannu ya ce wa baƙin, ga su nan, waɗannan su ne mutanen da aikin ya shafa, da ƙafarsu suka zo, ba wanda aka hana shiga, a tambayi duk wanda aka ga dama.

Matar ta yi magana da tafinta. Tafinta ya karɓi makirufo ya ce baƙuwa tana roƙon duk wanda gidansa ke da jan fenti ya ɗaga hannu.

A layukan gaba ba hannu ko ɗaya. Wasu suka waiwayo don su ga ko ana so su ɗaga. A bayansu kuwa, daga tsakiyar fili har katanga, hannuwa ne a sama.

Matar ta sauko daga dandamali da makirufo a hannunta, ta miƙa wa na farkon da ta isa gare shi. Tela ne. Ya miƙe cikin sabuwar rigar nan tasa. Ya ce shi ba ya adawa da hanya, kayan ɗinkinsa ma ta hanya suke zuwa. Ya ce a shagon nan ya koyi aiki, a nan yake ciyar da mahaifiyarsa wadda ba ta iya tafiya. Ya ce akwai fili a bayan ma'aikata da motoci suka mutu a ciki har bishiya ta fito ta cikin wata, yana roƙon baƙi su je su gani da idonsu, su faɗa masa me ya sa hanya ta ji tsoron matacciyar mota ba ta ji tsoron mahaifiyarsa ba. Ya zauna da sauri kamar wanda aka tura.

Bayansa sai Ungozoma, sai wani mai gyaran rediyo, sai wata tsohuwa da ta ce ita ba ta da abin faɗa, so take dai a rubuta cewa ta zo. Babban Darakta ya yi ƙoƙarin rufe taro, ya ce lokaci ya ƙure. Matar ta ce ta bakin tafinta, ai shi ya ce a tambayi duk wanda aka ga dama, kuma ba ta gama ba. Darakta ya tafi da ayarinsa, mutanen bas suka bi. Ita ta jawo kujera ta zauna a cikinmu, layin ya ɗan biyo ta, ta dubi igiyar ta yi murmushi. Har la'asar tana rubutu.

Washegari da hantsi 'yan sanda suka zo suka tafi da Goggo, aka kwashe kujerun duka, nata da na aro, a matsayin shaida. Tambaya ɗaya aka yi ta maimaita mata, wa ya sa ta. Amsa ɗaya take bayarwa: Malam Tsari ya ce kada ta rage, kuma ba ita ta buɗe ƙofa ba. Ta yi kwanaki a can. An sake ta ne bayan ofishin koken ya aiko yana tambayar lafiyar duk wanda ya yi aiki a taron. Ta dawo da ciwon baya da ya fi na da, ta kwanta mako guda, masu kujerun aro suna zuwa gaisuwa. Wadda ba sa gaisawa ce ta fi kowa zama. Ba ta ta da maganar kujerunta ba, ta rumfar da ta yage dai ta sake tayarwa.

A teburin bankin abin ya ɗauki watanni. Na bi labarin ta wajen wani da muka yi karatu tare. Wakilin gwamnatinmu da abokansa sun ce wannan harkar cikin gida ce, sun ce an yi wa taron kutse. Amma taron gwamnati ce ta shirya, ƙofa jami'inta ya buɗe, Babban Darakta kuma da bakinsa ya ce mu ne mutanen, a gaban talabijin. Wakilan wasu ƙasashe, waɗanda majalisunsu ke tambayarsu inda kuɗi ke tafiya, suka ce a faɗa musu dalilin lanƙwasar. Ba a sami mai faɗa ba. Aka riƙe kuɗin. Gwamnati ta auna, ta ga ta fi buƙatar hanyar fiye da yadda babban nan ke buƙatar filin.

Taro na biyu a layinmu aka yi shi, a tsakiyar titi, don haka bankin ya nema. Kujerun Goggo suna hannun 'yan sanda, sai kowa ya fito da abin zamansa daga gida. Kujerar falo, kujerar tsugunno, kujerar keken ɗinkin Tela, wata ta asibiti da ba wanda ya tambayi yadda aka yi ta zo layin. Goggo ta jera su, ta bi su da igiya duk da ba biyu masu kama da juna. Ga manyan baƙi kuma ta sa aka fito da ɗaya daga cikin tsofaffin bencunan marigayi. A kansa Babban Darakta ya zauna, benci yana karkata da shi duk sanda ya motsa, har ya miƙe ya karanta cewa an sake nazari, hanya za ta bi ta filin matattun motocin. Ba a kawo mu a bas ba, ba a ba mu hula ba, amma tafin ya daɗe.

An dawo mata da kujerun daga baya, rana ta cinye launinsu, wasu sun lotsa saboda zaman 'yan sanda. Ta mayar wa kowa nasa, ta cike waɗanda suka karye daga nata. Gwamnati ba ta sake ba ta aiki ba har yau. Malam Tsari an mayar da shi sashen ajiyar kaya, yakan wuce ta layin, su gaisa da mutunci. Bukukuwan garin kuwa sun yi mata yawa har sai ta ce ba ta da sarari.

Ranar da ta sayo farin fenti, ni na riƙe mata tsani, don ta ce ita za ta shafe alamar da hannunta. Na tambaye ta ko ta tabbata tun farko zai buɗe ƙofar.

"Ina na tabbata? Zaman da na yi a kan akwatin nan addu'a kawai nake yi."

"To da bai buɗe ba fa?"

"Da na kwance igiyata na dawo gida na fara ɗaure kaya." Ta tsoma buroshi ta shafa a kan jan, ya ɓace rabi. "Riƙe tsanin da kyau, Furofesa. Gidan ya tsira, kada kai ka kashe mai shi."